Yatsu na zogi wajen koyon gita, in bari ne?

Ɗan'uwa, ka ce sati biyu da fara gita yatsu na maka zogi har gwiwarka ta yi sanyi. Wallahi kowa ta nan ya bi, nima a Birni na fara, sai da yatsuna suka yi kanta na huta. Kar ka yi awa biyu rana ɗaya sannan ka jingine ta sati guda, minti 15 kullum bayan la'asar ya fi, kuma da waƙar da kake so za ka fara. Yanke farce, ka daina danne tsirkiya kamar kuna faɗa. In tsirkiyar ta yi tudu da yawa kai wa mai gyara. Amma in wuyan hannu ke ciwo ko yatsu na mutuwa, wannan sai likita.