Idan yaƙi ya ɓarke, yaya makomar ajiyata a banki?

Malam, tambayarka ita ce ko ka kwashe kuɗinka daga banki saboda gudun yaƙi. A ganina, kada ka kwashe su duka.

Mu a Maraɗi mun ɗanɗana makamancin haka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS) da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da kuɗin sefa) suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyaka da Najeriya, takardun kuɗi suka yi ƙaranci, bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Kuɗin mutane ba su salwanta ba, samunsu ne ya yi wuya. Ma'aikatan kuwa, Allah ya saka musu, suna buɗewa duk da ɗaukewar wuta, suna shan faɗan masu layi kan umarnin da ba su suka kafa ba.

Babban kuskure shi ne tara kuɗi a gida, musamman a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji inda 'yan bindiga ke addabar jama'a. Ka riƙe na cefanen wata guda, ka adana takardun asusunka, kada ka ba kowa lambar sirrinka. Idan akwai bashi a kanka ko kuɗin kasuwanci masu yawa, ka zauna da manajan reshenku tun yanzu, ya bayyana maka iyakar abin da asusun lamunin ajiya, wato asusun da ke biyan masu ajiya idan banki ya durƙushe, yake biya.