Kwikwiyona Ya Ƙi Daina Ɓata Baranda, Duka Kuma Bai Yi Magani Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Na sayi kwikwiyo domin gadin gida, watansa uku da haihuwa, sati uku ke nan yana wurina. Ya mayar da barandar da yara ke wasa makewayinsa, kuma a nan uwargida take shimfiɗa dardumarta idan ana zafi. Wanda ya sayar mini da shi ya ce in riƙa dangwala hancinsa a cikin ƙazantar ina zane shi, in kuma ɗauke masa ruwa daga la'asar har wayewar gari. Babu wanda ban yi ba. Yanzu bayan tankin ruwa yake laɓewa ya yi, kuma da zarar ya ji muryata sai ya kwanta ya saki fitsari. Uwargida ta ce haƙurinta ya ƙare. Taurin kai ne, ko wani ciwo ne yake damunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, ka mayar masa da kwanon ruwansa a daren yau, ka kuma ajiye bulalar. Abin da kwikwiyon ya fara yi lokacin da ka kawo shi halin kowane ɗan wata uku ne. Laɓewar da sakin fitsari idan ya ji muryarka kuwa, shawarar da aka ba ka ce ta haifar da su.

A wannan shekarun mafitsararsa ƙarama ce kuma bai gama mallakar ta ba. Ƙiyasin da muke aiki da shi shi ne awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa, wato naka ba zai wuce awa uku ba da rana, ko huɗu idan an yi sa'a. Kashi kuma yakan zo masa tsakanin minti 5 zuwa 30 bayan cin abinci. Yawancinsu sai sun kai wata huɗu zuwa shida suke iya riƙewa sosai, wasu ma su wuce haka.

Maganar da nake so mu daɗe a kanta ita ce wadda nake ji kusan kullum a asibiti: "Likita, da gangan yake yi, ai ya san laifinsa, dubi yadda yake sunkuyar da kai." Daga wannan zato ne duka da dangwala hanci da hana ruwa suka samo asali. Kare yana danganta sakamako ne da abin da yake yi a daidai wannan lokacin, cikin sakan ɗaya ko biyu. Idan ka dawo daga kasuwa ka tarar da kashin da ya yi tun hantsi, ka jawo shi ka buge, a wurinsa ba a kan yin kashin aka doke shi ba, domin wannan ya wuce tuntuni. Abin da ya riƙe shi ne, duk sa'ad da kashi yake ƙasa kuma maigida ya shigo, to wuya ta zo. Sunkuyar da kai da lanƙwashe kunne da cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, waɗanda mutane suke kira nadama, roƙon afuwa ne na dabbar da ta ga alamar fushi. A shekarar 2009 wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada wannan da karnuka 14. An hana kowane kare cin wani abu, mai shi ya fita daga ɗakin, da ya dawo sai a faɗa masa kare ya ci ko bai ci ba, wani lokacin kuma akasin gaskiya ake faɗa masa. Karnukan sun fi yin wannan fuskar ta mai laifi idan an yi musu faɗa, ko sun ci ko ba su ci ba, har ma waɗanda ba su taɓa abin ba sun fi nuna ta.

To ka duba abin da ya faru a gidanka. Kwikwiyon ya koyi darasi, amma ba wanda ka nufa ba: ya koyi cewa yin bayan gida a gaban mutum haɗari ne, shi ya sa ya koma bayan tanki. Gobe idan ka kai shi wurin da kake so ya yi ka tsaya a kansa, zai matse har sai kun dawo ka juya baya. Ka ga kenan dukan ya rushe hanyar da za a bi a koya masa, domin koyarwar gaba ɗaya ta dogara ne a kan ya yi a gabanka ka yaba masa. Fitsarin da yake saki idan ya ji muryarka ma ba rashin horo ba ne, fitsarin miƙa wuya ne, irin wanda ƙaramin kare yake yi a gaban babban da yake tsoro. Tsawa ƙara shi take yi. Kuma tun da don gadi ka saye shi, ka sani karen da aka rena da tsoro ba ya zama jarumi. Ko dai ya zama mai gudu ya ɓuya idan ya ji motsi, ko ya zama mai cizo ba tare da gargaɗi ba, kuma wanda yake fara shan cizon sau da yawa yaron gida ne da ya miƙa hannu zai shafa kansa.

Hana ruwan ya fi dukan tayar mini da hankali. Kare mai kilo 8 yana buƙatar wajen rabin lita a yini, kwatankwacin leda ɗaya ta fiya wata, a lokacin da babu zafi ke nan, kwikwiyo mai girma kuma buƙatarsa ta fi ta babba idan aka auna da nauyinsa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, hakin kuwa ruwan jikinsa yake ƙonewa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake kaiwa digiri 40 a garuruwanmu, awa goma sha huɗu babu ruwa na iya kayar da ɗan wata uku. An taɓa kawo mini wani a cikin kwali, idanunsa sun faɗa, dasashinsa ya bushe yana danƙo, da na ja fatar wuyansa sai ta tsaya cak kamar an naɗe tsumma. Mai shi kuwa yana ta yi mini bayanin cewa kwana biyu ke nan bai ɓata ɗaki ba, horon ya fara kama shi. Ƙarin ruwa muka yi ta yi masa har dare. Ko bai kai ga haka ba, ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri, ya taimaka wa ciwon mafitsara, ciwon kuma ya sa shi ɗigar da fitsari ko'ina, mai shi ya ƙara tsananta horo.

Abin takaici, masu ba da wannan shawara ba su taɓa zama sun ga ƙarshenta ba. Mai sayar da kwikwiyo ya karɓi kuɗinsa ya wuce. Akwai kuma masu yawo a babur da jakar allurai suna amsa sunan dokta, waɗanda za su ce a barbaɗa barkono a wurin, ko a ɗura wa kwikwiyo filajil ko ibufurofen daga kemis "don ya tsayar da cikin". Ibufurofen yana huda cikin kare yana lalata ƙodarsa, farasitamol ma idan aka ba shi da ka yana taɓa hantarsa. Duk wanda zai yi wa dabbarka allura, kana da ikon tambayarsa ko yana da rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa.

Gyaran ba shi da wuya, naci yake so. Ka ware kusurwa ɗaya a tsakar gida nesa da rijiya da madafa, ka zuba yashi, ka ɗan ajiye guntun kashinsa a nan a ranar farko domin warin ya jagorance shi. Ka sa masa igiya ka kai shi wurin da zarar ya farka daga barci, da bayan kowane cin abinci, da bayan wasa, da kowace awa biyu a tsakani. Mutanenmu sun fi riƙe abin idan aka ɗaura shi da lokutan salla, daga asuba zuwa isha'i, a ƙara fita ɗaya da hantsi, ɗaya kuma cikin dare na 'yan makonni. Ka tsaya shiru, kada ka zuba masa ido tun da yanzu tsoronka yake ji. Idan da hali ma wani babban yaro da bai taɓa dukansa ba ya fara. Yana gamawa a nan take, ba bayan kun koma baranda ba, ka yaba masa da taushin murya ka ba shi ɗan yankin dafaffen nama. Ban da tsire da kilishi, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Abinci sau uku a yini a ƙayyadajjen lokaci, a ɗauke kwanon bayan minti 15, ruwa kuwa ya zauna. Idan babu mai sa masa ido, ya kasance a keji a inuwa wanda zai iya miƙewa ya juya a cikinsa, amma ba fiye da awannin da zai iya riƙewa ba. Idan ka gan shi yana sansana ƙasa yana kewaya wuri ɗaya, ka ɗauke shi ka kai shi kan yashin ba tare da hayaniya ba. Wanda ya riga ya yi kuwa, sai wanki.

Siminti yana shan fitsari, hancin kare kuma yana jin abin da namu ba ya ji, don haka muddin warin yana barandar zai ci gaba da komawa. A tsane wurin, a wanke da garin sabulu, a bi da ruwan khal, wato binega, da aka sirka, sannan a tare masa hanyar barandar baki ɗaya na wata guda. Kada a zuba bilic a kan ɗanyen fitsari, hayaƙin da suke fitarwa yana cutar da ƙirji, kuma a nisanta kwikwiyon daga Izal, wanda yake ƙona masa tafin ƙafa da baki. Hukuncin najasa fagen malamai ne, amma ta fuskar lafiya uwargida tana da gaskiya: kashin kwikwiyo yakan ɗauki ƙwan tsutsar ciki da ke kama yara masu wasa da ƙasa, wani lokacin har ta taɓa ido. A kwashe kashin kullum, a kuma ba kwikwiyon maganin tsutsa kowane wata har ya kai wata shida.

Game da ciwo, ba zan kore shi daga nesa ba, musamman da aka yi sati uku ana hana shi ruwa. Idan yana yawan tsugunawa yana fitar da ɗigo kaɗan, ko yana nishi, ko fitsarin ya yi ja, a kai shi asibitin dabbobi a auna fitsarin. Idan kuwa zawo ne mai jini da ƙarni tare da amai da ƙin abinci, wannan alamar cutar fabo ce mai kashe kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan, ba a kwana da ita a gida. Ka nemi katin rigakafinsa daga wanda ya sayar maka. Idan babu kati, ka ɗauka ba a yi masa komai ba, a fara jerin alluran daga farko, a haɗa da ta haukan kare, wadda lokacinta ya riga ya yi tun da ya cika wata uku.