Ku Tambaya Mu Amsa: Idan Faifai Ya Faɗi a RAID ɗin Sabar

Tambaya: Assalamu alaikum. Sabar ɗin ofishinmu tana kan Linux, da faifai huɗu masu TB 4 kowanne, an haɗa su RAID 5 da manhajar mdadm. Jiya na buga cat /proc/mdstat, sai na ga [UU_U] a inda na saba ganin U huɗu. Komai yana aiki lafiya lau. In zare faifan in sa sabo kawai? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da zarewar tukuna. Wannan ɗan layin da ya maye gurbin U yana nufin faifai ɗaya ya fita daga sahu, kuma RAID 5, tsarin da ke haɗa faya-fayai su yi aiki kamar guda ɗaya, rashin faifai ɗaya tak yake iya jurewa. Abin da ya sa ba ku ga canji ba shi ne sauran ukun suna lissafo abin da ke kan wanda ya fitan duk lokacin da aka nema. Wani ya sake faɗuwa yanzu, shi ke nan.

Don haka aikin farko kwafi ne. Kwashe muhimman fayiloli zuwa wani faifai na waje a daren nan, ka fara da waɗanda ba ku da su a ko'ina. Ga dalili: sake gini, wato cika sabon faifai da bayanan wanda ya faɗi, zai tilasta a karanta faifai ukun nan daga farko har ƙarshe, TB 12 ke nan, har da lungunan da aka yi shekara ba a leƙa ba. Takardar masu ƙera faifan kwamfutar gida yawanci tana cewa ana iya cin karo da gurbin da ba ya karantuwa sau ɗaya cikin bit 10^14, wato wajen TB 12.5. A aikace faifai kan fi haka ƙoƙari, amma ka ga yadda lambobin biyu suka yi kusa da juna. Ga shi kuma galibi faya-fayan sabar rana ɗaya aka saye su, tare suke tsufa.

Bayan kwafi, sai ka gano wanda ya faɗi. mdadm --detail /dev/md0 zai nuna maka shi, a ce sdc1 ne. Nan ne ake yawan yin ɓarnar da ba ta gyaruwa: mutum ya ƙirga ramuka ya ce sdc ai na uku ne, ya zaro lafiyayye. Waɗannan haruffan ba sa bin jerin ramuka dole, suna ma iya sauyawa bayan an sake kunnawa. Buga smartctl -i /dev/sdc ka rubuta lambar siriyal a takarda, ka gwada ta da wadda ke manne a jikin faifan. In faifan ya mutu murus ba ya amsawa, rubuta lambobin masu rai ukun, wanda ya rage shi ne gawar.

Kafin ka yanke masa hukunci, duba smartctl -a /dev/sdc. Layuka huɗu ne abin kallo. Lamba 5 gurabun da suka lalace aka sauya su, 197 waɗanda ke jiran a sauya, 198 waɗanda suka gagara karantuwa. In waɗannan sun tashi daga sifili suna ƙaruwa, faifan ya gama yawo. Amma in 199 ce kaɗai ke hawa, laifin kebul ne ko ramin da aka soka shi, sabon faifai ma haka zai faɗi. Yi wa sauran ukun wannan gwajin. In ka tarar da ɗayansu yana da 197 sama da sifili, kada ka fara gini. Kwafe shi da ddrescue, manhajar ceto bayanai daga faifai mai matsala, zuwa sabon faifai tukuna.

In sun fito lafiya, cire mataccen da mdadm /dev/md0 --remove /dev/sdc1, ka sa sabo wanda girmansa bai gaza na tsohon ba ko da da sekta ɗaya. Kwafo tsarin rabon faifai daga lafiyayye, a ce sda, zuwa sabon, a ce shi ma sdc ya fito, da sgdisk -R /dev/sdc /dev/sda, sannan sgdisk -G /dev/sdc don ya sami lambar shaidarsa daban. Lura da jerin nan da kyau, sabon faifai ne ke zuwa farko. In ka juya su, ka shafe tsarin lafiyayyen. Sai mdadm /dev/md0 --add /dev/sdc1. TB 4 a gudun MB 150 cikin daƙiƙa zai ci sa'a bakwai da 'yan kai, in ana aiki da sabar ɗin kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Fara da yamma bayan an tashi, ka tabbata akwai mai a janareta. In sabar ɗin daga waɗannan faya-fayan take tashi, kada ka manta da grub-install, umarnin da ke sa manhajar tada kwamfuta, a kan sabon.

Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa: mdadm --create a kan faya-fayan da ke ɗauke da bayanai. In faifai biyu suka fita, duba lambar Events ta kowanne, wadda ke nuna wanda bayanansa suka fi zama na baya-bayan nan, da mdadm --examine, a gwada --assemble --force da waɗanda lambobinsu suka fi kusa, kuma a kan kwafi ake wannan gwajin.

Tambaya: An ɗauke wuta, UPS ɗinmu bai riƙe ba kafin a tada janareta. Da sabar ɗinmu ta Dell ta tashi sai ta ce ta ga Foreign Configuration, ta ƙi shiga Windows. Akwai zaɓi biyu, Import da Clear. Wanne zan danna? Kuma tun kafin wannan, ajiye fayil ya yi nauyi ƙwarai. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki danna. Kowane faifai yana ɗauke da bayanin rukunin da yake ciki. In abin da ke kansa ya saɓa da abin da kwantirolar PERC, na'urar da ke kula da RAID a sabar Dell, ta sani, sai ta ɗauke shi baƙo. Import yana nufin ta karɓi abin da faya-fayan suka faɗa. Clear kuwa goge wannan bayanin yake yi, rukunin ya ɓace daga idon kwantirola.

Tunda Windows ta ƙi tashi, alama ce faya-fayan tare suka fita lokacin da wuta ta yanke, don haka Import ne naki. Shiga saitin kwantirola lokacin tashi, Ctrl+R a tsofaffi, F2 a sababbi, ki duba samfotin da take nunawa: nau'in RAID ɗin, girmansa da yawan faya-fayan su dace da abin da kika sani. Ɗauki hoton allon da waya kafin ki taɓa komai. Da a ce sabar ɗin tana aiki, faifai ɗaya ne kawai ya zama baƙo, to da hukuncin ya juya, domin bayanansa sun zama tsohon zance. Shi ake yi wa Clear a sake gina shi.

Nauyin ajiye fayil kuma, muna zargin batirin kwantirola. Muddin yana da rai, kwantirola tana karɓar rubutu cikin ma'ajiyarta ta ce an gama, ta zuba a faifai daga baya. Da ya raunana sai ta daina, ta koma jiran faifai a kowane rubutu. Duba matsayinsa a iDRAC, shafin kula da sabar Dell. Bayan kamar shekara uku yakan fara gajiya, zafin ɗaki kuma yana gaggauta masa. Akwai saitin da ke tilasta mata ci gaba ba batir, amma a inda ake ɗauke wuta kullum, wannan kiran ruwa ne babu laima. Sauya batirin, ki sauya na UPS ɗin ma.

Tambaya: Faifai ɗaya yana ta fita daga RAID 6 ɗina duk bayan mako biyu, in na mayar ya zauna, kuma smartctl bai nuna komai ba. Na kwamfutar tebur ne na saya saboda araha. Daga Maraɗi.

Amsa: Arahar ce ke cizonka. Faifan tebur in ya gamu da gurbi mai wuya yakan yi ta ƙoƙari har fiye da minti ɗaya, Linux kuwa daƙiƙa 30 take jira ta ce ya mutu. Faifan sabar yakan haƙura cikin daƙiƙa 7 ya bar RAID ya gyara wurin. Gwada smartctl -l scterc,70,70 /dev/sdX, ka sa harafin faifanka a madadin X, don shi ma ya riƙa haƙura cikin daƙiƙa 7. In ya karɓa, sa shi cikin umarnin tashi, don yawanci yana mantawa in an kashe. In ya ƙi, rubuta 180 cikin /sys/block/sdX/device/timeout don Linux ta riƙa jiran daƙiƙa 180.

Duba kuma ko faifan nau'in SMR ne, mai rubutun da ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Irinsa yakan tsaya cik a tsakiyar sake gini, shi ya jawo ce-ce-ku-ce kan wasu faya-fayan WD Red a 2020. CMR ake nema, wanda rubutunsa ba ya hawa kan juna. Sannan ka riƙa buga echo check > /sys/block/md0/md/sync_action sau ɗaya a wata don a bincika faya-fayan gaba ɗaya, Linux nau'in Debian ma da kanta take yi a Lahadin farko. Lokacin hunturu kuma buɗe gaban sabar ɗin ka hure ƙurar da ta toshe iska. Faifan da smartctl ke nuna ya haura digiri 50 yana buƙatar fanka ko a matsar da akwatin daga jikin bango.