Jarrabawa ta ƙarato: me ɗalibi zai saya, me zai bari?

Da zarar an liƙa jadawalin jarrabawa, saƙonnin da nake samu sukan koma kan abu guda: kuɗi kaɗan ne a hannu, kwanaki sun ƙure, me za a saya? Ga huɗu daga cikin na wannan makon, na taƙaita su.

Daga wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Tudun Wada: "Anti, ina shekarar ƙarshe, takardu tara ne a gabana cikin mako biyu. Abokaina a aji suke kwana, TDB suke ce masa, wato karatu har gari ya waye. Wasu lemon ƙarin kuzari suke sha, wasu Nescafe suke zubawa a cikin Coke, wani kuma ya ce zai ba ni wata ƙwaya mai hana jin gajiya. Wanne ya fi sauƙi ga aljihu kuma ba zai cutar da ni ba?"

Ƙanena, bari in fara da ƙwayar, domin ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ka karɓa, ko kyauta ce. Yawancin abin da ke yawo a hannun matasa da sunan maganin gajiya tiramadol ne ko danginsa. Maganin ciwo mai tsanani ne da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, kuma idan ya yi yawa yana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka tuna a 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye matasanmu, musamman a Arewa. Da yawa cikinsu da "bari in gwada yau kawai" suka fara. Mako biyu na jarrabawa bai kai a ɗauko masa larurar shekaru ba.

Sauran ukun, wato lemon kuzari da Nescafe da goron da na san wasunku na taunawa, duk abu ɗaya ke aiki a cikinsu, sinadarin kafeyin. Ba ya ƙara maka ƙarfi, yana toshe saƙon da jiki ke aika wa ƙwaƙwalwa ne cewa ya gaji. Gajiyar tana nan, tana jiranka. Hukumomin lafiya a Amurka da Turai sun sa kimanin miligiram 400 a yini a matsayin iyaka ga baligi mai lafiya. Ƙaramin gwangwanin lemon kuzari na mililita 250 yakan ɗauki wajen 80, kofin Nescafe ɗaya ma bai yi nisa da haka ba. Sai dai wanda ya juye cokali uku a robar Coke, ya ɗora lemon kuzari a kai, ya tauna goro, bai san inda lissafinsa ya kai ba, sai dai ya ji hannu na rawa, zuciya na dukan uku-uku.

Abin da ɗalibai ba su cika sani ba shi ne daɗewarsa a jini. Sai bayan awa biyar ko makamancin haka rabinsa ke barin jiki. Ka sha ƙarfe goma na dare, ƙarfe uku rabinsa na nan. Ka kwanta ido biyu, ka tashi a wahale, ka sake sha don ka iya zama a ɗakin jarrabawa. Haka ake shiga kwana na uku mutum na kallon tambayar da ya san amsarta jiya amma ta ƙi zuwa.

Ga dalilin. Abin da ka karanta da rana, a cikin barci ƙwaƙwalwa ke jera shi ta adana. Wanda ya kwana karatu bai runtsa ba kamar wanda ya yini yana ɗebo ruwa ne yana zubawa a randar da ba a liƙe gindinta ba. Masana na cewa baligi na buƙatar awa bakwai zuwa sama. Na san a makon jarrabawa da wuya ka cika, amma a ganina kada ka sauka ƙasa da shida, musamman daren da takarda ke biye da shi. Ka kwanta ƙarfe sha ɗaya, ka tashi da Asuba, ka yi karatu mai nauyi daga nan zuwa hantsi lokacin da gari ke shiru. Bayan Azahar ka yi ƙailula ta minti ashirin ko talatin, kada ta wuce haka.

Idan sai ka saya, sayi ganyen shayi ko ƙaramin sachet na Nescafe, kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ka rufe kafin La'asar. Ya fi lemon roba araha nesa ba kusa ba, kuma kai ke auna sukarinka. Canjin da ya rage ka kai wa mai fotokwafi ya buga maka tambayoyin shekarun baya. Rufe littafi ka amsa tambaya da ka ya fi maimaita karanta shafi sau biyar zama a kai. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, gaskiya ne, amma mako biyu ba ranar tafiya ba ce tukuna.

Daga wata uwa a Rigasa: "'Yata na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Ta ce mini ko girki ba ta samun yi yanzu, Indomie kawai take ci. Naira 15,000 gare ni. Kuɗin zan tura ko kaya zan haɗa in ba mota a Kawo?"

Hajiya, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ki ci moriyarta. Ki raba biyu, kaso mafi girma ki yi kaya da shi. Kuɗi a waya kan narke ne a data da kati da rancen ƙawa, amma abin da ke cikin roba a gefen gado sai an ci shi.

Ki zaɓi abin da ba ya neman wuta ko wanda ruwan zafi kawai ya ishe shi. Soyayyiyar gyaɗa, ƙuli-ƙuli, dabino, garin kunun gyaɗa ko na tsamiya, 'yar madarar gari. Idan hali ya yi, ɗan dambun nama, domin yana jure kwanaki. Ki soya mata miyar tumatir ta soyu sosai har mai ya taso, ta yadda shinkafa kawai za ta dafa. A Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi za ki haɗa duk wannan a zagaye ɗaya, kuma awo ya fi sayen ƙulli-ƙulli sauƙi. Indomie ba haramun ba ce, matsalarta ita ce yawancinta sitaci da mai da gishiri ne, awa biyu yunwa ta dawo. Ki ce mata ta riƙa fasa ƙwai a ciki, ta yanka albasa, in ta samu awara ko ƙosai ta haɗa. Sauran kuɗin ki tura da sunan ƙwai da lemo da ruwan sha. Kada ta shiga jarrabawa da cikin wofi, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai abin da ba a sa shi a leda. Idan kin kira ta, kada tambayar farko ta zama "yaya takardar?" Ki tambaye ta ko ta ci abinci, ko ta yi barci, ki ba ta labarin gida, ki sa mata albarka. Yaranmu da yawa ba faɗuwa suke tsoro ba, fuskar iyayen da suka sayar da abin hannunsu don biyan kuɗin makaranta suke tsoro. Ki faɗa mata da bakinki cewa ko da takarda ɗaya ta dawo, ita 'yarki ce.

Daga wani ɗalibi mai haya a Malali: "Wuta ba ta zama. Power bank zan saya ko fitila mai caji? Ɗaya kawai kuɗina zai iya."

Fitila. Da power bank za ka koma karatu a waya, kuma a wayar nan WhatsApp da TikTok suke zaune. Ka buga muhimman darussa a takarda, ka sayi fitilar tebur mai caji, wadda ta zo da ɗan faifan sola ta fi, ka yi cajin waya a makaranta da rana. Ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ka karɓi rasit. Idan daga baya ka tashi sayen power bank, ka sani mai lamba 10,000 ba ya ba da 10,000 ɗin duka, wajen kashi biyu cikin uku ke isa waya, kuma wanda aka rubuta masa lamba mai ban tsoro alhali ba shi da nauyi a hannu, ajiye shi. Araha ba ta ado. Kada ka yi barci da kyandir a kunne, kada kuma ku shigar da janareta ɗaki ko baranda a rufe, hayaƙinsa na kisa ba tare da mutum ya farka ba.

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Jihar Kaduna: "Kwana biyar ke nan kaina na ciwo, gabana na faɗuwa, in na buɗe littafi sai kuka. Mai kemis ya haɗa mini magunguna, ya ce in ƙara da na barci da wani na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. In saya?"

'Yata, sannu. Kada ki saya. Babu ƙwayar da za ta ƙara wa mai lafiya basira cikin mako guda, kuma maganin barci ba tare da likita ba zai bar ki da nauyin kai har cikin ɗakin jarrabawa, ga shi yana da saurin zama jiki. Haɗin kemis ma ina jin tsoronsa, domin sau da yawa akwai farasitamol a cikin biyu ko uku daga ƙwayoyin, mutum ya zarce giram 4 da aka iyakance a yini bai sani ba, hanta ke ɗaukar wahalar. Ibufurofen da dikulofenak kuwa, a kan cikin da babu abinci, suna cin bangon ciki.

Gobe da safe ki je asibitin makaranta da katinki. Ki ce a gwada jininki don zazzaɓin cizon sauro kafin ki sha maganinsa, gwajin minti kaɗan ne, a auna hawan jini, idan kuma ciwon kan na zuwa ne bayan karatu a duba idonki. Ki faɗa musu duka, har da kukan, kada ki tsaya a "ciwon kai" kawai don kunya. Kafin nan ki duba nawa kike sha na shayi da lemon kuzari, domin su kansu suna kawo faɗuwar gaba, ki kuma yawaita ruwa.

Idan abin ya taso miki a kan littafi, ki rufe shi. Ki ja numfashi ta hanci a hankali, ki sake shi ta baki ya fi jan daɗewa, ki yi haka sau goma. Ki fita ki taka ƙafa minti goma sha biyar bayan La'asar, ki yi alwala, ki yi addu'arki. Da kin dawo kada ki kalli kwas ɗin gaba ɗaya, ki ɗauki babi guda, ki yi minti ashirin da biyar, ki huta biyar. Ki samu ƙawa ɗaya mai hankali ku riƙa yi wa juna tambayoyi, ki nisanci taron da ke bakin ɗakin jarrabawa ana ta "kin karanta kaza?", wannan ba ya ƙara komai sai firgici.

Amma idan ya wuce mako biyu haka, ko abinci da barci suka gagare ki gaba ɗaya, ko kika fara jin rayuwar ma ta ishe ki, kada ki jira jarrabawa ta ƙare, kuma kada ki riƙe shi ke kaɗai. Ki gaya wa mahaifiyarki ko wata babba da kika yarda da ita a ranar. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na jami'arku ne, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya kuma yana Barnawa, kuma masu damuwa da rashin barci ma suna zuwa can a duba su su koma gida a ranar. Idan likita ya ce ki huta, ki karɓi takardarsa ki kai wa jami'in jarrabawa na sashenku tun kafin ranar takardar, ki riƙe kwafi ɗaya a hannunki. Ki sake rubuto mini bayan kin je, ina so in ji yadda kika kwana.