Tambayoyinku Kan Fasaha: Matsalar Wi-Fi A Ofisoshi

Tambaya: Malam, ofishinmu bene ne, ma'aikata kusan 40. Rauta ɗaya ce a ofishin manaja, na ƙara ripita uku amma intanet sai ƙara nauyi yake yi. In sayo ta huɗu?

Amsa: Alhaji, don Allah mayar da kuɗinka aljihu. Ripita, wato na'urar da ke maimaita siginar rauta, da rediyo ɗaya take saurare, da shi kuma take maimaitawa, a kan tasha ɗaya. Ba ta iya yin biyun a lokaci guda, shi ya sa gudu yake raguwa kusan rabi a bayanta. Ka jona wata a kan wannan, ya sake rabuwa. Sandunan sigina za su cika fal a waya, shafi kuma ya ƙi buɗewa, manaja yana ta zagin kamfanin layi wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Maganin shi ne kebul, wanda kowa ke gudu saboda fasa bango. Ja kebul ɗin Cat6 daga suwic, akwatin da ke haɗa na'urori ta kebul, zuwa duk inda za ka kafa AP, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi, kuma kada tsawonsa ya wuce mita 100. Sayi suwic mai PoE, wuta ta bi ta kebul ɗin. Ma'aunin PoE na 802.3af yana ba da wat 15.4, 802.3at kuma wat 30, sai ka duba abin da AP ɗinka ke ci da jimillar abin da suwic ɗin zai iya ɗauka.

Na'urori za ka ƙirga, ba mutane ba. Mutum 40 da waya da laftof, na'ura 80 ke nan. Ni ba na ɗora wa AP ɗaya fiye da 25 zuwa 30, don haka huɗu, biyu a kowane hawa, tunda dekin da rodi ba sa barin sigina ya ratsa. A silin ake kafa su, cikin ɗakunan da ake aiki, ba a bayan kabad ɗin ƙarfe ba. Duka ka ba su suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. Kada ka ƙure ƙarfinsu: wayar za ta ji AP, shi kuwa ba zai ji amsarta ba. Daga nan zaga da manhajar auna sigina, duk kujerar da ƙarfin siginarta ya gaza -67 dBm a gyara.

Tambaya: Baƙin asibitinmu suna yawan roƙon kalmar sirrin Wi-Fi. Mu ba su?

Amsa: Hajiya, ta ma'aikata dai a'a. Buɗe musu tasu a VLAN daban, wato sashen sadarwa da aka ware musu, kunna abin da ke hana na'urorinsu ganin juna, ki ƙayyade gudun kowa. Ta ma'aikata ta zauna a tsarin tsaro na WPA3, ko WPA2 idan akwai tsofaffin na'urori. Idan kuma an manna takardar kalmar sirri a jikin kantar karɓar baƙi, a cire ta yau.

Tambaya: Wace tasha zan zaɓa?

Amsa: A zangon 2.4 GHz, tasha 1 ko 6 ko 11, faɗi 20 MHz, kuma kada maƙwabtan AP su haɗu a guda. Sauran aiki tura shi 5 GHz.

Tambaya: Wi-Fi 6 zai ƙara mana gudu?

Amsa: Yana taimakawa a cunkoso. Amma idan layin da kuke biya 20 Mbps ne, 20 ɗin za ku raba.