Filin Saƙa: Kibiya da Zare a Jakar Tafiya

Hunturu ya ƙarato, lokacin bukukuwa ma ya zo bayan an kai amfanin gona gida, shi ya sa yawancin wasiƙun wannan wata suka tsaya kan abu guda: yadda za a tafi da saƙa unguwa a dawo da ita lafiya.

Salamu alaikum Anti. Ina saƙa wa ɗana rigar sanyi, ga shi za ni biki Haɗeja na kwana huɗu. Wancan karon da na tafi da saƙa, ina buɗe jaka na tarar idanun saƙar sun zube daga kibiya, zare ya cukurkuɗe da kayana. Yaya zan yi? (Daga Ringim)

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Rigar nan bar ta a gida. Rigar yaro tana cin dunƙulen zare uku zuwa huɗu, kuma da kin kai hammata da wuya sai da lissafi, gidan biki kuwa ba wurin ƙirga ba ne. Kina ido na talatin wata za ta ce miƙo mata tire. Tafi da hular jariri, wadda dunƙule ɗaya mai giram 50 ya ishe ta har da saura.

Da zare matsakaici, wanda ake rubuta DK a takardarsa, da kibiya mai milimita 4, ɗora ido 72. Yi ido ɗaya saƙar gaba, ɗaya saƙar baya, har tsawon santimita 3 don bakin hular ya kama kai. Daga nan layi guda gaba, layi guda baya, sai aikin ya kai santimita 9 daga farko. Sannan ragi: saƙa ido 7 ki haɗe biyu, haka har ƙarshen layi, ki dawo da baya ba ragi. Layi na gaba ido 6 ki haɗe biyu, sai 5, sai 4, har ido 8 su rage. Yanke zare ki bar jela kamar santimita 40, ki zura ta cikin takwas ɗin da allura mai babban ido, ki tsuke, ki ɗinke gefe da ragowar. Za ta shiga kan jariri daga haihuwa zuwa wajen wata uku.

Zubewar ido kuma a jaka take faruwa, ba a hannu ba. Kibiyar ƙarfe santsi gare ta, mota na girgiza idanu na zamewa. Kafin ki ajiye, ƙarasa layin da kike kai, ki tura duk idanun can ƙarshen kibiya wajen ƙulun, ki haɗa kibiyoyin biyu ki naɗe tsininsu da robar ɗaure kuɗi sau biyar ko shida. In babu roba, yanki ƙaramin guntu daga tsohon silifas ki cake kowane tsini a ciki. Kada ki soke kibiya a jikin dunƙulen zare kamar yadda aka saba, tana tsaga silin zaren, in kin zo wurin sai ki ga ya yi gashi-gashi.

Shi kuma dunƙulen, nemo bakin zaren na tsakiya ki riƙa ja daga ciki, ba zai yi ta birgima a ƙasa ba. Sa shi cikin robar da ke da murfi, ki huda murfin da ƙusa mai zafi, ki goge bakin hudar ya yi sumul, ki fito da zaren ta nan. Robar ta tsare shi daga ƙura, da miya, da hannun yara. Duka a zuba cikin 'yar jakar yadi mai zariya, ko rigar filo ma ta yi. Jaka mai zif tana cin zare. Kuma ki riƙe ta a cinya, don in ta shiga but ɗin mota aka ɗora mata buhun gero, kibiyar ƙarfe lanƙwashewa za ta yi, ta roba ta karye.

Anti, nakan bi motar haya daga Gumel zuwa Kano sarin kaya, hanya da nisa. Zan iya saƙa a cikin mota? (Daga Gumel)

Da doguwar kibiya, a'a. Tsawonta yakan kai santimita 35, ku huɗu ne a kujerar baya, direba na taka birki don rami ko akuya tsinin nan zai sami cinyar wata ko idon goyonta. In hannunki ba ya iya zama, ɗauki kwarashi, gajere ne kuma ido ɗaya tak ke kansa, ko kibiya mai igiya, wadda tsininta biyu gajeru ne haɗe da siririyar roba, nauyin aikin yana kwance a cinyarki. Ko da su ɗin, in kin ji jiri ko tashin zuciya ki ajiye ki dubi hanya, don kafe ido kan abu na kusa alhali jiki na motsi shi ke kawo amai. Lokacin da ya fi albarka shi ne zaman tasha ana jiran mota ta cika. A kan acaba kuwa ko a jaka ne sai an rufe tsinin.

Yaya, duk sa'ad da na ajiye saƙa na sake ɗauka sai in ga rami a tsakiya, wani lokaci kuma gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mene ne laifina? (Daga Gaya)

Matsala biyu ce kika haɗa. Ta farko, kina tsayawa a tsakiyar layi, in kin dawo sai ki juya aikin ki koma inda kika fito. Wannan rabin ya sami ƙarin layi biyu, ɗayan bai samu ba, ga ɗan rami a inda kika juya. Dubi inda zaren dunƙule yake rataye: idon da yake fitowa daga gare shi shi ne na ƙarshe da kika saƙa, kuma kibiyar da ke ɗauke da shi ita ce ta hannun dama. In kin riga kin yi kuskuren, sai warwarewa ido-ido zuwa wurin.

Ta biyu, ido ne ya faɗi. Za ki gane shi don samansa yana buɗewa kamar tsani, zare kwance-kwance. Da kin hango shi ki maƙale shi da fil mai rufewa kada ya ci gaba da gangarawa. In kin natsu, fuskar aikin na kallonki, zura kwarashi cikin idon daga gaba, ki kamo matakin tsani mafi kusa da shi ki jawo ta ciki, sai na samansa, ɗaya bayan ɗaya, har ki mayar da shi kan kibiyar hagu. In kika tsallake mataki ko kika ɗauke su ba bisa jeri ba, wurin zai tattare. Saboda haka ko mai saƙar kibiya zalla ce, kwarashi mai milimita 3 ko 3.5 kada ya bar jakarta, da fil biyu, da abin yanke farce a madadin almakashi. Ki riƙa ƙirga idanunki duk bayan layi biyar ko shida.

Zarena ya ƙare ina garin iyayena, na sayi irin launinsa ranar Juma'a a kasuwar Wudil, amma da na haɗa sai ya fito daban. (Daga Garko)

Masana'anta rukuni-rukuni take rina zare, kuma rukuni biyu na launi ɗaya ba sa zama daidai. A takardar da ke naɗe da dunƙule akwai lambar launi, akwai ta rukunin rini. Ki sayi duk abin da aikin zai ci lokaci guda da ƙarin dunƙule ɗaya, ki adana takardar. A rumfa launi yana yaudara, fito da shi rana ki kara da naki. Yanzu da ya riga ya faru, warware sabon, ki yi layi biyu da ragowar tsohon, layi biyu da sabon, kamar sau huɗu, bambancin zai narke. In tsohon bai rage ba, sa ratsin wani launi daban a tsakani, kowa zai ɗauka ado ne.

Duk ulu muke ce masa, amma yawancin na kasuwanninmu na roba ne. Kunna wa guntu ashana: na roba zai narke ya bar ƙullutu baƙi mai tauri, na gashin tumaki zai yi ƙaurin gashi ya bar tokar da ke murmushewa, na auduga zai ci kamar takarda. Kada a haɗa iri biyu a riga ɗaya, wanki ɗaya zai sa wani ya tsuke wani ya saki.

Anti, za ni Umra ta filin jirgin Malam Aminu Kano. A bar ni in shiga jirgi da saƙata? (Daga Kazaure)

Allah ya karɓa, Hajiya. Dokar Amurka da ta Ingila sun yarda da kibiya a jakar hannu, amma kowane filin jirgi da nasa tsari, kuma maganar jami'in bincike ita ce ta ƙarshe. Sa kibiyar ƙarfe da almakashi a babbar jakar awo. In lallai kina son aiki a hannu, ɗauki kwarashin roba ko na katako. In kibiya ce, tun daga gida zura wani zare mai launi daban cikin duk idanun da ke kanta ki ɗaure bakinsa, ko an karɓe kibiyar idanun suna nan a jere, sai ki mayar da su kan wata.