Likitan Yaya ya rasu, har yau mun kasa faɗa masa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki sakaya sunana. Yayana ne ke da lalurar ƙwaƙwalwa, abin ya fara ne bayan rikicin Jos na 2008 da shagonsa ya ƙone, ya daina bacci, yana surutu shi kaɗai wai ana bin sa za a kashe shi. Ba inda ba mu je ba, ruƙiyya, hayaƙi, rubutu, har gidan mari sai da ya yi wata huɗu, har yanzu tabon na nan a idon sawunsa. Daga baya wani maƙwabcinmu ya haɗa mu da wani likitan ƙwaƙwalwa a nan Jos.

Ranar farko da muka shiga ofishinsa Yaya ko takalmi babu, ga sanyin Disamba, kin dai san sanyin garin nan, sai likitan ya miƙe tsaye ya ba shi hannu ya ce, "Malam bismillah ga kujera, ka karya kuwa?" Ya aika aka sayo shayi da biredi, bai tambayi komai ba sai da Yaya ya shanye. Mama kuka ta fashe da shi, don an fi shekara ba wanda ya ce masa Malam, kowa mahaukacin nan mahaukacin nan. Sama da shekara goma yana hannunsa, allura duk wata, in ba mu da kuɗi ya sa hannu a aljihu, har Yaya ya koma kasuwa a Taminus ya yi aure yana da yara biyu.

To wata biyu kenan Allah ya yi wa likitan rasuwa. Kawu ya ce kar a faɗa masa kar ciwon ya tashi, sai muka ce ya je kwas ne ƙasar waje. Yanzu kuma Yaya ya ce ba mai yi masa allura sai likitansa ya dawo, allurar ta wuce da sati uku, matarsa ta ce ya fara kwana zaune. Mu faɗa masa ko mu ci gaba da ɓoyewa?

'Yar'uwarki daga Unguwar Rogo, Jos

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya jiƙansa ya sa kyawawan halayensa su bi shi. Sau biyu na karanta wajen shayi da biredin nan.

Ku faɗa masa, kuma cikin satin nan. Na san Kawu tausayi ne ya sa shi, amma ki duba fa, mutumin da ciwonsa shi ne zargin ana ƙulla masa wani abu a ɓoye, sai kuma ga shi gida guda kun haɗa baki kuna ɓoye masa abu da gaske, ranar da ya ji a bakin wani a Taminus, kuma zai ji, Jos ba ta da girman da za a ɓoye mutuwar mutum irin wannan, to daga ranar ba zai ƙara yarda da kowa cikinku ba, har wanda ke ba shi magani. Ƙaryar kwas ɗin ma ai ita ce ta hana shi allura, jira yake yi.

Da safe za ku faɗa, kar ku bari sai dare. Mutum biyu sun isa, Mama da wanda ya fi saki jiki da shi, kada a cika masa ɗaki. Ku ba shi haƙuri kan ɓoyewar da kuka yi. In ya yi kuka ku bar shi, kukan rashin masoyi ba tashin ciwo ba ne, kowa na yin sa. In yana so ku raka shi ta'aziyya gidan mamacin, ya zauna kan tabarma ya yi addu'a kamar kowa, iyalan ma za su ji sanyi in sun ga aikin mahaifinsu ya zo da ƙafarsa.

Maganar allura kuma ba ta jira. Irin wannan ta wata-wata a hankali take narkewa a jiki, shi ya sa ko an tsallake ba a gani nan take, sai mutum ya ɗauka ya warke, can bayan makonni abu ya dawo. Rashin baccin da matarsa ta gani sau da yawa shi ne alamar farko. Ki ɗauki katinsa ki je asibitin ko kafin shi, ki nemi nas ɗin da ta saba yi masa, ki gaya mata komai, a ciro fayil ɗinsa a ba sabon likita ya karanta tukun. Fuskar da ya sani za ta sauƙaƙa masa shiga. Kuma dan Allah kar wani ya je kyamis ya sayo a yi masa a gida, tunda an yi jinkiri likita ne zai duba yadda za a ci gaba. In ya fara maganar kashe kansa ko ya daina cin abinci, a kai shi a ranar, kar a jira ranar kilinik.

Kar ku sa ran sabon zai zama kamar marigayi. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutum sama da miliyan 200, wasu ma sun fice waje, wanda za ku samu ƙila a gajiye yake da layi har bakin ƙofa. Amma abin da likitanku ya yi ba baƙo ba ne a aikin, tun 1954 Farfesa Lambo, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya fara ajiye marasa lafiya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu maimakon a kulle su, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai wannan lalura haƙƙin a mutunta shi. Ni dai duk wanda ya ƙara kawo muku zancen gidan mari, ko waye shi, ki nuna masa ƙafar Yaya.

Ranar da za ku shiga wurin sabon likitan, ke ki fara magana, ki ce ga Malam wane, ɗan kasuwa ne, yaransa biyu. Ku tabbatar ya karya kafin ku fita.